Ruwa, inuwa da makewayi: haƙƙin mai ƙwadago daga Tabla zuwa Filinge

Duk ranar Lahadi, tun kafin a kira assalatu, hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Baleyara da Tabla da Bonkuku ta nufi Filinge takan cika da masu neman abinci. Masu koro shanu da awaki, yaran amalanke, direbobi da yaran mota, 'yan dako, mahauta, dillalai, mata masu tuwo da masu fura, kowa na sauri ya riski kasuwa. Ta Baleyara tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na yammacin Nijar, ta Filinge kuma, cibiyar ƙasar Kurfai, tana ci rana ɗaya da ita. A sauran kwanakin mako waɗannan mutanen ne dai ake gani a lambunan Dallol Boso suna ban ruwa, ko a bakin rijiya, ko a wurin bugun bulo, ko a gonar wani suna barema. Su ne ma'aikatan wannan yanki. Da wuya ka sami ɗaya cikin ɗari da ya taɓa sa hannu a takardar ɗaukar aiki, kuma idan ana taron kare lafiyar ma'aikata a babban otal na Yamai ba su ake nufi ba.

Abin da wannan rubutu yake son tabbatarwa guda ne. Lafiyar mai aiki a wurin aikinsa bashi ne a kan duk wanda ke cin moriyar guminsa, ko mai gona ne, ko mai mota, ko ƙaramar hukumar da ke yankar tikitin kasuwa, ko gwamnatin da ta tura malami ƙauye. Kuma kason farko na wannan bashi ba ya buƙatar kuɗin ƙasashen waje: ruwan sha ne mai tsabta, da inuwa, da makewayi, da sabulu, da sanin wanda zai ɗauki nauyi idan mutum ya ji rauni. Muddin ana jiran sai kamfanoni sun zo Tagazar, ƙasar Baleyara, da Kurfai kafin a fara wannan magana, to za a ci gaba da binne mutane da cututtukan da sana'arsu ta jawo musu, a kuma rubuta su a matsayin waɗanda zazzaɓi ya ɗauke.

A takarda Nijar ba ta da abin jin kunya a wannan fanni. Dokar aiki mai lamba 2012-45, ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ɗora wa duk wanda ya ɗauki ma'aikaci nauyin kare ransa da lafiyarsa. Ta ce a koya wa sabon ma'aikaci haɗarin da ke cikin aikin da zai shiga, ta ce wurin da ke da ma'aikata 10 ko fiye ya kafa kwamitin kula da lafiya da kariya. Ta ƙayyade awa 40 a mako, awa 2,400 a shekara ga aikin gona, ta ba mace hutun haihuwa na mako 14, ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba. A 2009 ƙasar ta rattaba hannu a kan yarjejeniyoyi uku na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da suka shafi lafiya da kariya a wurin aiki, masu lamba 155 da 161 da 187, tun shekara 13 kafin ƙungiyar ta sa wannan haƙƙi cikin manyan ginshiƙanta a 2022. Asusun CNSS, wanda aka kafa a 1965, yana da reshe na musamman domin haɗarin aiki da cututtukan sana'a, mai biyan magani da diyya. Mafi ƙarancin albashi kuwa, bayan ya daɗe a kan tamma 30,047 tun 2012, ya koma jika 42 daga Janairun 2024.

Sai dai mutum ya tsaya a Tabla ya tambayi kansa yadda wannan doka za ta iso shi. Ofishin masu binciken wuraren aiki na jiha yana birnin Tilaberi, can bakin kogin Kwara, kuma wanda zai taso daga can zuwa Filinge ta kwalta sai ya bi ta Yamai, tafiyar da ta kusa kilomita 300. Ko da ya iso, me zai bincika? An horar da shi ne a kan ma'aikata mai ƙofa da rajista da takardar albashi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijar ba su cikin irin wannan tsari. Ɗan dakon da buhun dankali ya karya wa ƙugu ba shi da uban gida ɗaya, mutum goma ya yi wa aiki a wannan rana. Yaron da bijimi ya farke wa cinya a kara, wurin da ake cinikin dabbobi, ba wanda zai kai rahotonsa asusu cikin awa 48 kamar yadda ƙa'ida ta nema, domin asusun bai san da zamansa ba. Abokan sana'a ne za su yi karo-karo su kai shi likita, in kuɗin ya ƙare a mai da shi gida wurin mai ɗori. Dokar ba ƙarya ta yi ba, amma an ɗinka ta ne daidai jikin ma'aikacin ofis da na ma'adinan Arlit.

A fara da zafi, domin shi ne haɗarin da ya game kowa kuma shi aka fi rainawa. A watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan kai digiri 45. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, alhali a ɗaukacin Afrilun shekarar da ta gabata 130 ya ƙirga. A wannan shekarar ce Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na ma'aikatan Afirka suna aiki cikin zafin da ya wuce kima. Illar ba ta tsaya ga faɗuwa da suma ba. Jikin da ke zubar da gumi awa bayan awa ba a mayar masa da ruwa ba, ƙoda ce ke biyan bashin, a hankali, shekara bayan shekara, har ranar da ƙafafu za su kumbura. An ga haka ƙarara a wurin masu yankan rake na Nikaraguwa da makwabtanta, inda ciwon ƙoda ya kashe dubban magidanta matasa, kuma da wani kamfanin sukari ya tsara musu ruwa da hutu da rumfa mai tafiya tare da su, raunin ƙoda ya ragu sosai. Manomin Kurfai ya riga likitoci sanin wannan: yakan yi sammako, rana ta take ya koma gindin gawo ko aduwa. Wanda ba ya iya hutawa shi ne wanda ake biya bisa yawan buhu ko yawan bulo, domin kowane minti na hutu daga aljihunsa yake fita. Shi ya sa wasu matasa ke haɗiyar tramol su danne gajiya, jiki na kuka ba sa ji. Faɗa wa irin wannan mutum ya riƙa hutawa ba ya isa. Sai rumfar ta kasance a bakin inda ake lodi, ruwan kuma ya zama ba na saye ba. Ƙasar Katar ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma a watannin zafinta. Ba lallai kasuwar Lahadi ta kwaikwayi haka ba, amma tana iya tsara lodin manyan motoci ya zama da safe da kuma bayan la'asar.

Maganar makewayi ita ce mutane ke jin nauyin ɗagawa, ga shi kuma ita ce ta fi shafar mata. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Nijar ba su da wurin kewayawa sai daji. A ƙauye, inda jama'a ba su da yawa, ana lallaɓawa da haka. Ranar kasuwa kuwa, dubban baƙi ne ke taruwa a fili ɗaya daga safe zuwa magariba. Namiji yakan sami bayan katanga. Matar da ke zaune gaban tukunyarta tun hantsi, ga ciniki, ga goyo, dabararta ita ce ta rage shan ruwa don kada ta matsu, a cikin zafin da aka ambata yanzu. Ciwon mara da ciwon fitsari suna biyo baya, mai juna biyu kuma abin ya fi yi mata tsanani. Sannan hannun da bai sami ruwa da sabulu ba shi ne zai dama furar da mutum ɗari za su sha. A nan lafiyar mai sana'a da ta mai saye suka zama abu ɗaya. Ƙasar dallol ta ƙara wa lamarin nauyi, domin albarkarta ita ce ruwa yana kusa, 'yan mitoci kaɗan ƙarƙashin yashi, kuma duk ƙazantar da aka zubar a sama ba ta da nisan tafiya kafin ta iske rijiya. Annobar amai da gudawa ta 2021 ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, ta kashe fiye da 150, kuma wuraren taruwar jama'a na cikin hanyoyin da irin wannan cuta ta fi bi. Tun 1993 ƙasar take da dokar tsabtar jama'a. Makewayin kasuwa, mai ɓangaren mata dabam, mai ruwa da mai shara da ake biya, shi ne wurin da za a ga ko ana aiki da ita.

Mahauta da makiyaya da majema suna da nasu kason. Ƙasar nan ta dabbobi ce, kuma hukuma ta san darajarsu. A Tukunus, arewa da Filinge kaɗan, akwai tashar gwamnati da ke kiwon shanun Azawak tun 1954, inda ake bin asalin saniya da nonon da take bayarwa a rubuce. Kowace shekara ma'aikatan kiwo suna zagayawa suna yi wa shanu da ƙananan dabbobi allurar rigakafi kyauta. A mayanka akwai ma'aikacin da ke duba nama kafin a sayar. Duk wannan daidai ne, kuma abin yabo ne. Amma mutumin da hannunsa ke cikin jini da tumbi tun asuba, da wuƙa mai kaifi, ƙafarsa cikin silifa ko ba takalmi, ba shi da ranar da ake duba shi. Cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum ta wurinsa suke fara shiga: ciwon saifa, wanda ke kama mai feɗe mushe ko mai jeme fatarsa, bakkale, wanda ke sa saniya ɓari, mutum kuma ya yi ta zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi wata da watanni ana ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, da tarin fuka na shanu. A 2016 zazzaɓin kwarin Rift ya ɓulla a yankunan Cintabaraden da Tasara na jihar Tawa, ya kashe fiye da mutum 30, yawancinsu makiyaya da suka taɓa jinin dabba marar lafiya ko ɗan da ta ɓarar. Dabbobin da ke sauka kasuwannin Abala da Filinge da Baleyara daga wannan arewacin da makamantansa suke gangarowa. Ƙasar Cadi ta gwada wata hanya tun shekarar 2000: motar da ke kai allurar shanu ga makiyaya ita ce ke ɗauke da ma'aikacin lafiya mai yi wa mata da yara tasu allurar, kuɗin mai ɗaya, tafiya ɗaya. Babu abin da zai hana ranar allurar dabbobi a Kurfai ta zama ranar da mahauci da makiyayi za su karɓi allurar tetanus, a duba musu raunukan hannu, a saurari tarinsu.

A lambu kuwa gubar da ake saye da kuɗi ce matsalar. Noman rani ya canza rayuwar dallol. Dankalin Turawa na Bonkuku ya yi suna har kasuwannin Yamai, ga kabeji da tumatir da albasa da zogale, kuma wannan aiki ya tsayar da matasa da yawa da a da sukan tafi ci-rani da zarar an gama girbi. Tare da shi maganin ƙwari ya shigo kowane gida. Ƙasashen ƙungiyar CILSS ta yaƙi da fari a Sahel, har da Nijar, suna da kwamiti ɗaya da ke tantance magungunan da aka yarda a yi amfani da su, amma ƙungiyar RECA ta zaurukan manoma ta sha nuna cewa yawancin abin da ke kan teburan kasuwa bai bi ta wannan kwamiti ba, ta kan iyaka yake shigowa, da rubutun Ingilishi da mai saye ba ya iya karantawa. Paraquat, maganin ciyawa da CILSS ta hana tun 2011, har yanzu ana samunsa. Maganin ƙwarin da ake kira piya-piya kuwa a kwalbar da ba ta da suna ake sayar da shi. Wanda ke goya tankin feshi galibi ba mai lambun ba ne, ɗan barema ne ko ƙaramin yaron gida. Yakan dama maganin da hannu, ya yi feshi iska na maido masa da shi a fuska, tankin na ɗiga a bayansa, ya gama ya ci goro ko ya sha taba bai wanke hannu ba, galan ɗin da ya ƙare kuma a ɗauraye shi a zuba ruwan sha. Irin waɗannan magunguna ta fata suke shiga. Ciwon kai da jiri da yawan yawu da amai da yake ji da yamma alamun guba ne, amma shi gajiya yake ɗaukarsu. Hukumar kare tsirrai ta daɗe da tsarin horar da 'yan feshi na ƙauye, masu kayan kariya da sanin awo. Ƙungiyar manoman da ke iya haɗa kuɗi ta sayo irin dankali daga waje tana iya riƙe irin waɗannan mutum biyu ko uku, ta hana kowa taɓa tanki in ba su ba.

Kafin gwamnati ta nuna wa mai lambu yatsa, sai ta dubi nata gidan, domin ita ce babbar mai ɗaukar ma'aikata a wannan yanki. Yawancin malaman firamare na Nijar 'yan kwantaragi ne, kuɗinsu kaɗan, yakan kuma yi jinkiri. Da yawa suna koyarwa a azuzuwan zana, ga ƙura ga zafi, makarantar ba famfo ba makewayi, malama mace sai ta roƙi gidan makwabta. Ajin zana wuta ce ke jiransa: a Afrilun 2021 gobara ta kashe yara 20 a wata makaranta ta Yamai, a Nuwamban shekarar ta kashe fiye da 25 a Maraɗi. A ɗakin shan magani na ƙauye, ma'aikaciyar da ke karɓar haihuwa da dare da fitilar hannu, safar hannu ta ƙare, ruwa sai an jawo daga rijiya, ita ma ma'aikaciya ce da ke fuskantar ciwon hanta nau'in B da sauran cututtukan jini a duk lokacin da allura ta soke ta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya nuna rabin wuraren jinya na duniya ba su da cikakken tanadin wanke hannu, kuma ƙasashen Sahel na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ma'aikacin da aka tura irin wannan wuri yana neman canji tun ranar da ya sauka, ƙauyen kuma ya zauna ba malami ba ungozoma. Hukumar da ba ta ba nata ma'aikaci ruwa ba, bakinta ba zai yi nauyi ba idan ta je yi wa mahauci wa'azin tsabta.

Za a ce talauci ne, mutumin da ke neman na hatsi ba ya tunanin takalmin roba. Gaskiya ne talauci na nan, kuma wanda ya raina shi bai san yankin ba. Amma a yi lissafi. Kason da mai ɗaukar aiki ke biya wa reshen haɗarin aiki na CNSS kashi 1.75 ne cikin 100 na albashi. A kan jika 42, tamma 735 ke nan a wata, dala 147, abin da bai kai kuɗin tiyar gero ba a lokacin tsada. A ɗaya gefen, magidancin da ya kwanta wata biyu a daidai lokacin shuka ya rasa daminar shekara, za a sayar da akuya, wataƙila a jinginar da gona, a cire yaro daga makaranta ya maye gurbinsa a amalanke. Talaka shi ne wanda ba shi da halin yin ciwo, domin jikinsa ne kaɗai jarinsa. Ragin rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da aka fara a Satumban 2024 ya sauƙaƙa wani abu, amma bai mai da yatsan da injin niƙa ya cire ba. Game da kasuwa kuma, kuɗin na nan ana karɓa. Kowace dabba da aka sayar, kowace rumfa, kowace mota da ta yi lodi, akwai abin da take bari a asusun ƙaramar hukuma, kuma ga gari mai babbar kasuwar dabbobi wannan na cikin manyan hanyoyin samunta. Tambayar ita ce nawa ke komawa cikin kasuwar.

Za a kuma ce ana maganar rai, wa ke ta makewayi? Jihar Tilaberi tana cikin dokar ta-ɓaci a sassa da dama tun 2017, an hana hawan babur a 2020, ɗaruruwan makarantu sun rufe, kuma a Maris na 2021 an kashe mutum 58 a yankin Banibangu, da yawansu a hanyarsu ta dawowa daga cin kasuwa. Wannan ciwo ne da ba mai musunsa, kuma direba da malami da ma'aikacin lafiya da ke bin waɗannan hanyoyi suna fuskantarsa a matsayin haɗarin aikinsu na farko. Sai dai rashin tsaron ƙara wa maganarmu ƙarfi ya yi. Mutanen da suka gudo daga arewa sun ƙaru a garuruwan da ke bakin kwalta, masu neman aikin yini sun yi yawa, ladan ya faɗi, kuma wanda ya rasa garkensa zai karɓi kowane irin aiki ba tare da tambaya ba. Cunkoso ya ƙaru a kan rijiyoyi da makewayan da dama ba su isa ba. Kuma hukumar da ke son jama'a su tsaya tare da ita tana buƙatar su gan ta a wani abu ban da shingen bincike da karɓar haraji. Famfo a tsakiyar kasuwa na cikin abubuwan da ake gani.

Hujja ta uku ita ce ta masu cewa ko an ba su ba sa sawa, kuma in ka matsa sai su ce abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Akwai gaskiya a rabin farko. Rigar roba da aka ɗinka don sanyin Turai ba ta sawuwa a zafin Mayu, safar hannu mai kauri kuma tana hana mahauci riƙe wuƙa. Wannan dalili ne na a zaɓi kayan tare da masu sana'ar, a kuma fifita gyaran da bai dogara da halin mutum ɗaya ba: daɓen siminti da magudana a mayanka, murfi a kan bel ɗin injin niƙa, igiya mai kyau da mutum biyu a sama duk lokacin da wani ya shiga yasar rijiya, feshi da sassafe kafin iska ta tashi. Rabi na biyu kuwa malamai sun daɗe da amsa shi. Tawakkali a Musulunci yana zuwa ne bayan an yi abin da ake iyawa, kuma fiƙihu ya hana a ɗora wa ɗan ƙwadago abin da ya fi ƙarfinsa, ya wajabta a biya shi haƙƙinsa a kan lokaci. Abin lura shi ne kalmar ƙaddara ta fi saurin fitowa daga bakin wanda ya kamata ya biya kuɗin magani. Huɗubar Juma'a ɗaya a kan haƙƙin ɗan barema za ta isa inda takardar ofis ba ta taɓa isa ba.

To wa zai riƙe wannan aiki, tunda mai binciken na nesa? Ƙasar Hausa ba ta taɓa barin sana'a ba shugaba ba. Akwai Sarkin Pawa, akwai Sarkin Kasuwa, akwai shugaban tasha, akwai babban dillali, akwai shugabar ƙungiyar mata masu lambu. Waɗannan sun san kowa da sunansa, suna raba faɗa, suna hukunta wanda ya karya ƙa'ida, kuma su ne ke zagayawa da hula idan wani ya ji ciwo. Abin da doka ke kira kwamitin lafiya da kariya, ga shi nan a zaune, sai dai ba a taɓa ba shi wannan aiki a fili ba. Abin da ya rage shi ne ƙaramar hukuma, wadda tun Afrilun 2024 wakilan da gwamnati ta naɗa ke jagoranta, ta zauna da su da sarakunan gargajiya da shugaban likitar gari, a rubuta ƙa'idoji kaɗan da kowa zai iya haddacewa, a ware wani sanannen kaso na harajin kasuwa domin ruwa da rumfa da shara da akwatin magani, a kuma riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Karo-karon da ake yi bayan haɗari ya faru a mai da shi adashi na kowane mako, mai littafi, wanda wata rana zai zama ƙofar shigar waɗannan mutane asusun ƙasa. A likita kuma a ƙara tambaya ɗaya a rajista: wace sana'a kake yi? Ba tare da ita ba, matashin da ya dawo daga haƙar zinariya a Jado ko Komabangu da tarin da ƙurar dutse ta sa masa, da mai feshi, da mahauci, duk za su ci gaba da ɓacewa cikin lissafi ɗaya, kuma ba wanda zai san yawan abin da aiki ke ci.

Kira na farko ga masu riƙe da ƙananan hukumomin Tagazar da Imanan, inda Bonkuku take, da Filinge ne: kafin zafin bana ya kama, a sa famfo da rumfa da makewayin mata a kowace kasuwa da ake karɓar haraji a cikinta. Ga ma'aikatun ilimi da lafiya, kada a sake tura ma'aikaci wurin da ba ruwa ba makewayi ba tare da ranar da za a gina su ba. Ƙungiyoyin ƙwadago na Yamai, waɗanda ke maci kowace ranar 1 ga Mayu, su tuna cewa mafi yawan masu gumi a ƙasar nan ba su da katin kowace ƙungiya. Kai kuma mai karatu, idan kana da ɗan barema a gonarka, ko yaro a shagonka, ko yarinya mai aiki a gidanka, ruwan shansu da hutunsu da maganinsu idan sun ji ciwo a bakin aikinka suna wuyanka tun yau, ko mai bincike ya zo ko bai zo ba.